Autan Alice Yana Cikin Kwalba

Idan ka gan ni ina haki a hawan kasuwar Zuru, kada ka zargi shekaru, Alice za ka zarga. Ni Indo tela, siririya ce ni a da, har ana yi mini tsiya wai iska za ta ɗauke ni. Sai Allah ya haɗa ni katanga ɗaya da matar nan. Tun daga ranar kwano ke tsallako katanga: tuwon dawa da safe, fate da rana, da yamma a ce ga ɗan abin taɓawa, ka buɗe ka tarar da rabin kaza. Ta san ni Musulma ce, don haka ta ware mini tukunya, nama kuma sai na mahaucin da ni na zaɓa da bakina. Duk wata ƙofar da zan bi in ce na ƙoshi, ta riga ta toshe ta.

A wani ƙauye aka haife ta, can kan dutse. Tana yarinya aka yi farin da ya share rumbunansu. Ba ta son labarin. Abin da ta taɓa gaya mini kawai shi ne ta san ɗanɗanon kowane ganye da ke dutsen nan, har wanda akuya ke kau da kai. Daga nan ta ɗauko halinta, ba ta iya ganin mai rai da yunwa. Kare, baƙo, mai gyaran rediyo, ɗan sandan da ya zo tambayar hanya, duk sai sun ci kafin su wuce.

Mijinta Mika sai da ya yi mata golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Samari kan fito daga golmo kamar an wanke su an shanya. Mika kuwa ya gama nasa da kumatu, domin Alice na bin sa gona da ƙunshin abinci a ɓoye cikin zane. Daga baya ya shiga soja, kamar rabin mazan ƙasar nan, ta bi shi bariki bariki tana ciyar da 'ya'yan mutane. Da ya ajiye khaki suka dawo gida, ya koma gonarsa ta gindin dutse.

Fartanya ce ta sare shi a ƙafa. Mutumin da harsashi bai samu ba. Ciwon ya zama gyambo, gyambon ya ƙi jin magani, an sha kafso kala-kala, an yi allura, ƙafar sai ƙara hawa take yi. A ƙarshe abinci ya daina shiga. Ta katangar nan na riƙa jin muryar Alice tana lallashi: "Ci mana, soja. Ko loma ɗaya." Kwanonin suna fitowa yadda suka shiga, har ya rasu. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a makonnin nan ba.

'Ya'yanta maza duk sun bi ubansu soja. Autarta Joyce ce ta ɗauki wata hanya, ta tafi jami'a a Sakkwato karatun ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Ba ta taɓa cewa saboda ƙafar ubanta ba ne, mu ma ba mu tambaya ba.

A daminar 2009, Joyce na shekarar ƙarshe, malaman jami'a suka tafi yajin aiki. Sai ga ta ta sauka a ƙofar gida da kwali a rungume, tana ce wa ɗan kabu-kabu ya yi a hankali kamar ta ɗauko ƙwai. Alice ta taho da gudu, ta ɗauka tsaraba ce. Aka buɗe, sai kwalabe uku masu faɗin gindi da siririn wuya, da 'yan faranta na gilashi, da sirinji, da wata 'yar fitila mai shuɗiyar wuta.

Joyce ta zaunar da mu ta yi bayani. Ta ce ta ɗebi ƙasa a gonar babanta, ta kai makaranta, ta tace ta tace har ta ware wata ƙwaya guda. Tana zaton ƙwayar nan tana fitar da wani ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, irin abin da ake ɗurawa cikin kafso. Aikinta na kammala karatu ke nan. To an kulle ɗakin gwaji, ba mai kunna injin, in ta bar su can za su mutu. Romon da ake kiwonsu a ciki kuwa na kwalba uku kaɗai ta samu. Idan aka koma makaranta ba ta nuna ƙwayar tana yin magani ba, za ta maimaita shekara, a ba ta wani aikin daban, ƙasar gonar Mika kuma a zubar.

Ta zuba irin ƙwayar a kwalba ta farko, ta toshe bakin da auduga. Bayan kwana biyu Alice ta kai hanci kusa da audugar, sai na ga ta tsaya cak.

"Indo, zo ki ji," in ji ta.

Na shinshina. Wallahi ƙamshin ƙasa ne ranar ruwan farko, sak.

"Gonar Mika ce," in ji Alice. Ta dubi 'yarta. "Joyce, an karɓe miki auta. Ga Auta nan."

Sunan ya bi kwalbar, ba mu ƙara kiranta da wani abu ba.

Matsalar farko, Auta yana son iska, kuma iska ba ta shiga romon sai ana girgiza shi. A makaranta inji ke yi. Muka ɗaure shi a jikin keken ɗinkina, ina taka feda yana karkaɗawa. Kafin azahar ƙafata ta sage, ga rigar amaryar mutane na ɗinke mata hannu ɗaya a baibai. Na ce a sauke mini wannan fitina. Muna cikin shawara Alice ta shiga ɗaki ta fito da majanyi, ta sunkuya, ta ce a ɗora mata. Joyce ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta yi tunani, ta taɓa bayan uwarta, ta ce ɗumin ma ya yi daidai.

Haka Alice, mai jikoki a bariki huɗu, ta koma goyo. Da shi take daka, da shi take shara, da shi take zuwa rijiya tana rangaji da gangan. In za a kwanta a rataye shi a ragaya, igiya a ɗaure a babban yatsan ƙafarta. Ranar Alhamis matan zumunta na cocinsu suka zo koyon waƙa a tsakar gidanta, ni ina leƙe ta katanga. Ana buga tulu, ana kaɗa kacau-kacau, Alice na tsakiya tana juyi kamar budurwa. Wata tsohuwa ta ce, "Maman Joyce, wannan jika bai da kuka ne?" Ta ɗaga majanyi don ta ga fuska, sai ta yi ido huɗu da auduga. Ihun da ta yi har awakina suka tsinke igiya. Da aka yi musu bayani sai suka sa Auta cikin waƙa, kowace tana so a ba ta ta ɗan goya, Alice ta ce ba ya yarda da baƙo.

Abincin Auta ruwan sukari ne da Joyce ta dafa a wata tukunya mai murfi da ke fito in ta tafasa, ta ajiye a wata kwalba daban. Safe da yamma takan kunna 'yar fitilarta, ta gifta bakin kwalbar a wuta don kada baƙuwar ƙwaya ta shiga, ta ɗiga da sirinji. Ɗigo kaɗan, ta mayar da auduga. Na lura da fuskar Alice a ranar farko, ta bi sirinjin da ido kamar an zage ta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

Ni kuwa da na san Alice, na san ba a gama ba.

Auta ya yi kyau, ba a magana. Romon ya yi kauri, ya cika da 'yan dunƙule-dunƙule kamar gero a kunu. Alice na nuna wa kowa. Da lokaci ya yi Joyce ta yi gwaji. Ga yadda abin yake: a farantin gilashi akwai wani abu kamar kamu da ya daskare, ta shafa masa wata ƙwaya dangin masu ruɓar da gyambo, amma marar cizo. Sai ta jiƙa 'yar takarda da ruwan Auta ta ɗora a tsakiya. Washegari ƙwayar za ta rufe farantin kamar hazo. Idan akwai magani, za a ga fili tas kewaye da takardar, inda ƙwayar ta kasa matsowa.

Washegari muka taru a kan faranti, kai uku. Hazo ya rufe ko'ina, har gindin takardar. Ba fili ko na ƙwayar zarra.

Joyce ta ce wataƙila zafi ne, wataƙila girgizar ce ba ta isa ba. Ta kafa kwalba ta biyu, Alice ta ƙara ƙaimi, har tsallen igiya na gan ta tana gwadawa. Wannan Autan ya ma fi na farko ƙiba. Amma ƙamshin ƙasar ya gudu, wani tsami-tsami ya maye gurbinsa. Aka yi gwaji, hazo ya sake rufe faranti.

Da safen nan Joyce ta ɗaga kwalbar ruwan sukari za ta ajiye, sai ta tsaya tana kallonta a hasken rana. Ruwan da ya kamata ya kai ta ƙarshen aiki ya kusa gindi.

"Mama, wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce," in ji Alice, ko gezau, tana tsince shinkafa. "In kin tafi wanka nakan ƙara masa. Kada ki damu, yadda kike yi nake yi. Na kunna fitila, na gifta a wuta, har hannu nake wankewa da sabulu."

"Nawa kike zubawa?"

"Daidai ƙoshi."

Joyce ta zauna a ƙasa daɓas. Da farko dariya ta kama ta, irin wadda ba ta da daɗi, daga nan ta koma kuka sosai. Alice ta rikice, ta ture tiren shinkafa, abin da ya fara zuwa bakinta shi ne, "Kin karya kuwa?"

Na tsallako ta ƙofa na ce, "Maman Joyce, mi kika aikata haka? Ɗiyar ga ta hwaɗa miki ɗigo, ke kin mai da shi walima!"

"To laifi ne? Ba ki ga yadda ya yi kyau ba? Abu a bayana, ina jin sa, a ce in bar shi da ɗigo? Ko ɗan tsako ba a yi wa haka."

Joyce ta share fuska, ta kama hannun uwarta. Ta ce, "Mama, saurara. A cikin ƙasa ba shi kaɗai ba ne, ƙwayoyi ne birjik ana rububin abinci. In abinci ya wadata ba ruwansa da kowa, ci kawai yake yana hayayyafa. Sai abinci ya fara ƙaranci yake fitar da makaminsa, ya kori maƙwabta daga ɗan abin da ya rage. Makamin nan shi ne maganin. In kika ƙosar da shi, ba zai yi ba. In kika hana shi gaba ɗaya, ya mutu. Dole a riƙe shi a tsakani, yana raye, yana jin yunwa."

Alice ta ce, "Ubanki ke nan. In ya ci ya ƙoshi, ko mari ka yi masa sai ya ce Allah ya ba da haƙuri." Muka yi dariya har da Joyce. Amma dariyar ba ta daɗe ba, domin kwalba ɗaya ta rage, ga rediyo ya fara cewa ana zaman sulhu da malamai.

Joyce ta ce ita za ta goyi na ƙarshe. Ta gwada wuni guda, ta kwanta da ciwon baya, tafiyarta ma ta 'yan boko ce, romon ko motsi ba ya yi. Ni kuma da wannan jikin da Alice ta ɗora mini, kaina ma da ƙyar nake ɗauka. Dole aka mayar wa Alice goyonta. Sai dai aka dafa sabon ruwan sukari aka ba ni ajiya, na kulle shi a akwatin zare, na rataya mabuɗin a wuya.

Ranar farko Alice ta leƙo ta katanga da murmushi. "Indo, ƙawata, ɗan ara mini kwalbar nan in duba ko ƙuda ya shiga."

"Lahiya lau take. Ban ba ki."

Rana ta biyu ta zo da dambun nama. Na cinye dambun, na ce ban ba ki. Rana ta uku ta ce ta yi mafarki Auta na kiranta, na ce ta gaishe shi. Ta kira ni marar imani, ta ce zuciyata ta fi dutsen ƙauyensu tauri, ta yi fushi ta tafi, ba a jima ba kwano ya tsallako katanga kamar kullum.

Da yake an hana ta ciyar da guda, sai ta huce a kan sauran duniya. Unguwarmu ba ta taɓa ganin irin wannan mako ba. Tukunya ba ta sauka daga murhu. 'Yan kabu-kabun bakin titi suka koma barci a kan baburansu da rana tsaka. Fasto ya zo ziyara, aka fitar da shi yana roƙon arziki. Kajinta suka daina gudu ko an kore su. Wani mai sayar da itace daga Bena ya tsaya neman ruwan sha, bai bar gidan ba sai la'asar, ya mance da jakinsa a ƙofa.

Ni ce na fara lura ita ba ta ci. Takan zuba wa kowa, ta koma gefe tana jijjiga goyo. Sai Joyce ta zo da sirinji ta ɗiga wa Auta, sannan Alice ta ɗauki cokali ta kai loma ɗaya baki, ta ajiye.

Na same ta a madafa na ce, "Ke, mi a haka? Kashe kanki za ki yi kan kwalba?"

Ta ce, "Indo, ba ya wucewa. Na gwada. Abu na bayana da yunwa, tuwo ya tsaya mini a nan." Ta nuna maƙogwaro. Zanenta har ya fara yi mata yawa. Na ji haushi, na fita.

Auta na uku bai yi ƙiba ba. Romon ya tsaya tsararo, dunƙulen ƙanana, sai dai launinsa ya juya ya koma kamar ruwan shayi, ƙamshin ƙasar kuma ya dawo har ana jin sa daga zaure. Alice na cewa yaron ya rame, Joyce na cewa haka ake so. Ranar da rediyo ya ce an janye yajin aiki, a ranar Joyce ta ɗebi ruwan ta jiƙa takarda, ta ɗora a farantinta na ƙarshe.

Washegari da hantsi ta fito da shi a rufe cikin tawul. Ta kasa buɗewa. Alice ta karɓa, ta yaye tawul ɗin, ta ɗaga farantin sama saitin rana.

Hazo ya rufe gefe da gefe. A tsakiya kuwa, kewaye da 'yar takardar, ga fili nan tas, zagaye kamar bakin kofin shayi, har ana hango sararin sama ta cikinsa.

Joyce ta ƙwala ihu. Ni ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, rabona da guɗa tun bikin ƙanwata. Maƙwabta suka shigo a guje, wata da kumfar sabulu a hannu, wata ta ɗauko tulu ta hau bugu. Joyce ta kama ni muna juyi, ni da haki ita da hawaye, tana ta auna filin da 'yar rula tana sake aunawa, tana dariya kamar taɓaɓɓiya. Ɗan kabu-kabu ɗaya ya leƙo ya tambaya ko haihuwa aka yi, muka ce masa e.

Alice kaɗai ba ta yi rawa ba. Tana tsaye da farantin a sama, goyonta a baya.

"Joyce," ta ce a hankali, "wannan filin, shi ne abin da aka rasa a ƙafar babanki?"

Tulun ya yi shiru. Joyce ta ce, "Irinsa ne, Mama. Wannan bai zama magani ba tukuna, da sauran tafiya mai nisa, wataƙila ma ba zai kai ba. Amma irinsa ne."

"Kuma a gonarsa yake. Yana taka shi kullum."

Alice ta sauke hannu. Ta miƙa wa Joyce farantin, ta tambaya yanzu me za a yi da Auta. Joyce ta ce ta riga ta ware iri a 'yar ƙaramar kwalba, ta kuma ɗebi ruwan da za ta kai wa malaminta. Abin da ya rage ba shi da sauran aiki, za a sa shi a tukunya mai fito a dafe, haka dokar aikin take, ba a zubar da su da rai.

"Da yunwa?" in ji Alice.

Ta juyo ta dube ni, ta miƙo hannu. Wannan karon ba roƙo take yi ba. Na dubi Joyce, Joyce ta gyaɗa kai. Na ciro mabuɗin daga wuyana na je na ɗauko.

Alice ta kwance majanyi, ta zauna a kan turmi, ta ɗora kwalbar a cinya. Ta kunna 'yar fitilar, ta gifta bakin a wuta yadda aka koya mata, ko da yake yanzu ba shi da wani amfani. Ta ture sirinjin gefe. Ta tuntsura ruwan sukarin gaba ɗaya, har ɗigon ƙarshe, ta mayar da auduga, ta rungume kwalbar tana jijjigawa a hankali.

"Ci mana, soja," ta ce. "Ka gama aiki. Ci ka ƙoshi."

Na shiga madafarta na zubo tuwo, malmala biyu, na ajiye a gabanta. Tun da muke, ranar ce ta farko da ni na zuba mata. Ta ci da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da Auta, ba ta ɗago ba sai da ta suɗe kwanon.